Kawunan Kifi Sittin da Uku

McLeansville, kusa da Greensboro

Zuwa ga ƙanena Ma'aruf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Jimmai da yara da duk mai cin tuwo a gidanmu na Yelwa. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, ya sa ruwan bana ya janye ba ɓarna. Mu nan lafiya lau. Uwargida Kubura ta fara faɗa da sanyi tun bai iso ba, ɗanmu Salisu ya samu canjin aiki zuwa cikin gari, jikoki kuwa in na yi musu Hausa sai su amsa da Turanci, sai ka ce ni ne baƙo a gidan. Na zaɓi takarda maimakon waya ne don na san halinka, a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Ka tuna tsoho Ɗangado, mai ɗinkin koma a bakin kogi? Ina yaro na ji shi yana cewa kowane kifi yana yawo da lissafin shekarunsa a cikin kai, wai wata 'yar tsakuwa ce fara, duk shekara sai ta ƙara zobe ɗaya. Na yi dariya har Baba ya harare ni. To mutumin da ya ce ya taɓa hira da ayu, wa zai kama maganarsa? Na sake jin zancen a Ikko daga bakin wani direba, na jefa shi kwandon tatsuniya. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Labari ya iso mini cewa ka ce 'yarka Mubina da ke wurinmu ta tattara kayanta ta dawo gida a watan Disamba, tunda shekara biyun da ka ba ta sun cika, kuma an ce maka ta faɗi a karatun. Ba ta faɗi ba. Ita dai ta ce maka aikin bai kammala ba, ta yi shiru a kan dalili, saboda dalilin yana da furfura, kuma yayanka ne.

Bari in fara gaya maka abin da take yi, don kai kullum cewa kake karatun kifi, ka wuce. Daga nan zuwa bakin teku tafiyar awa huɗu ce a mota. Can take zuwa ta bi jirgin masunta, su kamo wani kifi da ke gurnani in an fito da shi, kamar kurungunmu. Abu biyu take nema: saurin girmansa daga shekara zuwa shekara, da kuma ko yana da ƙiba daidai tsawonsa ko ramamme ne. Ka tuna yadda Baba kan ɗaga kifi ya matsa gadon bayansa da yatsa biyu ya ce ruwan bana bai ciyar ba? Shi take yi, sai dai ita da allon awo da sikeli. Tsawo daga baki zuwa wutsiya, nauyi har giram ɗaya, hanta daban, ƙwai daban, har abin da ke tumbinsa sai ta duba. Da irin wannan ake gane ko kifin teku na samun abinci, da kuma yawan da ya kamata a kama don 'ya'yan masunta su tarar da saura.

A watan Oktoba ta dawo daga tafiyarta ta ƙarshe ran Juma'a da la'asar, da kula uku cike da kifi da ƙanƙara. Ɗakin sanyin makarantarsu ana gyara, sai malamarta, Dakta Zipporah, ta ce ta ajiye su a gida ta auna washegari. Tsawon ta riga ta rubuta tun a jirgi, amma nauyi ba ya aunuwa a kan ruwa, sikeli ba ya tsayawa. Asabar da safe ta tafi makaranta ɗauko sikeli da ƙarin ƙanƙara. Ni kuma na shiga gareji neman manjagara, sai na ga ruwa na tsiyaya daga kula. Na buɗe. Ma'aruf, kifi sittin da uku, sun kwana da cikinsu ba a fasa ba, ƙanƙara na narkewa! Kai ma ɗan Sarkawa ne, ka san abin da hannu ke yi a nan tun kai bai yi tunani ba. Kubura ta ce in jira yarinyar in tambaye ta. Na ce yau kuma ni zan tambayi wadda aka yi sunanta a gabana yadda ake gyaran kifi? Na wasa wuƙa. Cikin awa biyu na kankare, na fasa, na yanke kawuna, na wanke, na barbaɗa gishiri. Kayan cikin na haƙa rami na binne a gindin yakuwar Kubura. Na zauna ina jiran yabo.

Ta shigo rungume da sikeli. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta dubi tire-tiren kifin nan an jera su tsaf, ta ajiye sikelin a kan mota, ta yi mini sannu da aiki. Wannan sannun har yau ina jin sa a ƙirjina. Ta tambayi hanta da ƙwai, na nuna mata gindin yakuwa. Sai ta zauna a kan matakala. Can ta tambaya, da muryar wadda ba ta sa ran komai, ko kawunan ma na binne.

A nan ne Baba, Allah ya jiƙansa, ya cece ni daga kabari. Ka san dokar gidanmu: kan kifi na wanda ya kama ne, ko maigida ba ya taɓawa. Tunda ita ta kamo, na tara mata kawunan duka a babbar robar Kubura na sa a firiza, da niyyar a yi mata farfesu. Kowane kai kuma da 'yar lamba ɗaure a muƙamuƙi, ban kwance ba, don abin da ba ni na ɗaura ba ba na kwancewa. Da ta buɗe robar ta ga lambobin, sai a lokacin ta yi kuka.

Ran Litinin na sa babbar riga na bi ta makaranta, na ce wa Dakta Zipporah laifin nawa ne. Matar ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ba ta taɓa ganin ɓarnar da aka yi da tsabta haka ba. Ta ce rabin aikin na nan da rai: akwai tsawo a rubuce, akwai kawuna da lamba, don haka za a san girma. Amma nauyi da hanta sun tafi, kuma ba a gwada ƙibar kifin Oktoba da na wani wata, domin kafin ya zuba ƙwai daban yake, bayan ya zuba daban. Dole sai wani Oktoban. Ka ga inda shekara guda ta fito. Wuƙata ce ta yanko ta, ba wasan 'yarka ba.

Kafin mu fito Mubina ta ɗauko kai mai lamba goma sha bakwai, ta tsaga shi ta sama, ta sa hantsaki ta zaro wata 'yar tsakuwa fara, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ta yanka ta siriri a wani inji, ta ɗora ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ta ce in leƙa in ƙirga. Zobe huɗu, ɗaya cikin ɗaya, kamar na kututturen itace. Ta nuna mini inda zoben ya yi faɗi, ta ce shekarar ƙoshi ce, inda ya tsuke kuma shekarar wahala. Na cire tabarau na goge na sake ƙirgawa. Huɗu ne.

To ga roƙona. Takardar ƙarin shekara tana kan teburinta, dole a sa hannu kafin ƙarshen watan nan, in ba haka ba shekara biyun nan sun tafi ba shaida. Ta ce ba za ta sa ba sai ta ji daga bakinka. Abinci ma ta rage, da za a ɗora ta a sikelin nan nata da malamarta ta ce ruwan bana bai ciyar ba. Na san Jimmai na kewarta, kuma na san kai mutum ne mai riƙe abin da ya faɗa. In Allah ya kai mu hutun bazara ni da kaina zan kawo ta ku gan ta, sannan mu dawo ta ƙarasa. Tun muna yara ban taɓa ba ka haƙuri ba, ko ranar da na kifar da kwalekwale da kai a ciki. Yau na ba ka. In fushi ne, ka yi da ni, ina da ƙarfin ɗauka. Ita ka kira ta.

Ka gaishe mini da Jimmai, da Inna Sa'adatu, da Malika da maigidanta, da duk mutanen bakin kogi da suka rage. Kubura na gaishe ku, ta kuma ce in rubuta cewa ta hana ni ban ji ba. Na rubuta.

Habibu, ɗan garinmu da zai taho gida, shi zai kawo maka takardar nan. A ciki akwai ƙullin farar takarda, kada ka yar. Kowane kai tsakuwa biyu gare shi, malamar ta bar mini ɗayar ta lamba goma sha bakwai, ita ce a ƙullin. Ka kai ta bakin kogi ka nuna wa jikokin Ɗangado, ka ce na janye dariyata. Kakansu ya fara gaya mini na yi dariya, direban Ikko ya gaya mini na kau da kai. Wadda ta gaya mini ta ƙarshe, har ta sa na ƙirga da idona, 'yarka ce, Mubina Ma'aruf.

Ni ne yayanka mai jiran amsa,
Sale