Makullin Jarumi

Daga bayan kanta,
Tarauni, Talata.

Zuwa ga Uwani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya Inna da ƙafa? Ya yayanki Isyaku da fama da titi? Mama ce za ta kawo miki wannan takarda a ƙasan kular abincina, don 'yan sanda sun karɓe wayata tun jiya. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da biro tun muna sakandare a Darmanawa.

Na san kin ji labari a bakin mutane, to ga na wanda ya gani da ido. Jiya da hantsi ina shago, sai Ɗauki ta yi ihu a wayata. Ɗaukinmu fa, manhajar da ni da ke muka yi wa 'yan adaidaita saboda masu ƙwace, wadda in direba ya jijjiga wayarsa da ƙarfi take kiran duk direban da ke kusa. Na duba na ga daga Gyadi-Gyadi ne, daga wayar wani Lawan. Na hau mashin a guje ina murna aikinmu ya yi rana.

Uwani, ga abin da na tarar da na isa. Adaidaita sun toshe titi, an janyo fasinjan Lawan ƙasa, wani dattijon tela mai suna Malam Faruk da ya fito sayen zare. Wani ya zazzage jakarsa, almakashi ya faɗo, shi ke nan aka ɗau ihun ga makami. Da sifana suke dukansa, da gora, da bulo. Na ji ƙarar karyewar hannunsa da kunnena. Lawan yana ta rantsuwa shi bai kira kowa ba, ko taɓa wayar bai yi ba, amma wa ke saurarensa? Da na ga an mirgino taya, wani ya zo da fetur a gorar ruwa, sai na faɗa kan mutumin ina cewa ni na yi manhajar, kuskure ne. An fasa min gira. Da 'yan sanda suka zo, wannan maganar tawa ce ta sa suka jefa ni mota.

Na gano abin da ya faru. Wayar Lawan Jarumi ce, 'yar arahar nan da kusan duk direbobi ke riƙewa. Kuma ba a aljihu suke sa ta ba, ɗaure ta suke a kan sitiyari da robar tsohon tif ɗin taya don su ji waƙa. Manyan wayoyinmu suna bambance girgizar hannu da ta hanya. Jarumi ba ta da wannan na'urar a cikinta. Lawan ya faɗa rami, waya ta ɗauka jijjiga ta aka yi.

Akwai makullin da muka sa wanda ke kashe Ɗauki a kan kowace irin waya muka zaɓa. Ke kaɗai ce a waje da za ki iya taɓa shi. Don girman Allah ki kashe ta a kan Jarumi yau, kafin wani rami ya sake cin wani.

Ki gaida Inna. Naki,
Tobenna.

*

Gyadi-Gyadi,
Alhamis.

Tobe,

Na samu takardarka, tana warin miyar Mama. Ya gira? Allah ya ƙara sauƙi, ya fito da kai lafiya. Gaisuwar ke nan, yanzu ka buɗe kunne.

Yau ne ka san Jarumi tana duniya? Lallai ma Tobe! Sau nawa na ce maka mu shiga kasuwar waya mu sayo ta mu ɗaura a adaidaita mu zaga gari? Ka ce ba lokaci. Lokacin ina ya tafi? Wajen yi wa Alhaji Haruna ta aifon, saboda shi ya ɗauki nauyin aikin kuma yana so ranar ƙaddamarwa ya ɗaga wayarsa a gaban manyan baƙi a tafa masa. Wata da watanni kana gyaran launin taswira da ƙyalƙyalin maɓalli. Ka nuna min direban adaidaita ɗaya mai aifon daga Unguwa Uku har Babban Giji, in yanka maka rago.

Yanzu kuma kana zaune a inuwa kana ba ni umarni in kashe. Ka san me kake cewa? Isyaku Jarumi ce da shi. Ko ka manta abin da ya sa na shiga aikin nan? Ni na wanke masa kai a bara lokacin da masu ƙwace suka sare shi da adda a lungun Darmanawa, da rana tsaka, mutane na leƙowa ta taga. Ni na ga farin ƙashi a cikin raunin. Tun da aka sa masa Ɗauki Inna ta daina tsayuwa a bakin ƙofa tana jiran ƙarar adaidaitarsa. 'Yan iskan nan sun san yanzu in suka tare direba, kafin su zaro wuƙa an cika wajen. In na kashe, kafin magariba labari ya kai musu.

Na je asibiti na ga Malam Faruk. Ba zan ɓoye maka ba, na fito na yi amai a bakin kwata. Kansa ya kumbura har ba a gane fuska, matarsa tana zaune tana kaɗa masa kwali. Ta tambaye ni ko ni 'yar uwarsa ce, na ce a'a.

Amma ba zan kashe ba, gyarawa zan yi. Na sayo Jarumi, na ɗaure ta a adaidaitar Isyaku, mun bi duk wani rami da ke titin nan har ƙuguna ya riƙe. Na canja tsarin: sai an jijjiga kuma an danne maɓallin ƙara sauti. Na saki gyaran tun jiya. Ka bar ni in yi aikina.

Allah ya kyauta.
Uwani.

*

Daga bayan kanta,
Asabar.

Zuwa ga Uwani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Girar ta sace, na gode. Zagin ma na karɓa, in na fito kya ƙarasa.

Abu ɗaya dai: ba don Alhaji ya ga tasa ta aifon ba, da ba a biya kuɗin ajiyar manhajar ba, da babu Ɗaukin ma gaba ɗaya. Hannu huɗu ne da mu, wayoyin garin nan kuwa kowacce da irin haukarta. Dole a fara da wata. Amma ba wannan ya sa na rubuto ba.

Gyaranki ba zai isa ba. A ɗakin nan akwai direbobi cikin waɗanda aka kama kan dukan, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda wayarsa ke sabunta manhaja. Wani ya kashe don kada ta cinye masa data, wani wayar ta cika da waƙoƙi ba wuri, wani kuma andiroid ɗinsa ta tsufa har kantin manhajoji ya daina buɗewa. Yawancinsu ma ba sauke ta suka yi ba, tura musu aka yi daga waya zuwa waya a tasha. Abin da kika saki yana can sama yana shawagi, tsohuwar tana nan ɗaure a kan sitiyari.

Akwai wanda ke kusa da ni, shi ne ya ɗauko bulon. Ba ya cin abinci. Jiya ya riƙe rigata yana kuka ya ce, "Oga, ai wayar ce ta ce ɓarawo ne." Mu muka ba wayar baki, Uwani.

Na san Isyaku. Ni ma ya goya ni a keke muna yara, ya sha cin tuwon Inna a kwano ɗaya da ni. Amma damina ta kama, ramuka ƙaruwa suke. Ina roƙonki.

Naki,
Tobenna.

*

Gyadi-Gyadi,
Litinin.

Tobe,

Sallama. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Faruk ya rasu jiya da safe.

Maganarka gaskiya ce kan gyaran, kuma na tsani hakan. Tun ranar Juma'a nake bin tashoshi da kwamfuta a baya ina sa wa direbobi sabuwar da hannu. Wannan ya ce yana sauri, wancan ya ce kada in goge masa waƙa, wani har cewa ya yi in ba shi kuɗin lokacinsa. Na yi tasha biyu, ƙafata ta kumbura, ban yi ko kusa da rabin rabi ba.

Jiya ina Unguwa Uku ina wannan fama aka sake. Wani direba ya ɗauko wata mata da ɗanta saurayi, ya hau kan tudun rage gudu, Jarumi ta ƙwala ihu. A gabana direbobi suka fizgo yaron ta wuyan riga, wani ya zabga masa bel ɗin wando har leɓensa ya tsage. Uwar ta kwanta a kansa tana cewa ɗana ne, ɗana ne, makaranta zan kai shi. Na shiga tsakiya ina zagin kowa, na sha mari biyu. Allah ya sa tsofaffin tasha sun fito. Ina zaune a bakin titi ina share jinin hanci aka bugo min rasuwar tela.

A nan bakin titin na buɗe kwamfuta na danna makullinka. Ɗauki ta mutu a kan kowace Jarumi a garin nan. Ka ji daɗi.

Shugaban tashar su Isyaku ya zo har gida ya ce na sayar da su. Na ce masa ya je ya faɗa wa matar tela. Isyaku kuwa shafa tabon kansa kawai ya yi ya tashi. Wannan ya fi min zagi ciwo. Na bi shi soro na cire layina, na danƙa masa babbar wayata. Ya ce ba zai karɓa ba, irin wannan wayar ce ke jawo masu ƙwace. Na ce ka sa ta a aljihu, ita tana da hankali, in ka jijjiga ta za ta kira, ba ruwanta da rami. Sai da Inna ta sa baki ya karɓa. Yana fita yana min tsiya wai yanzu ya zama Alhaji, sai ya sayi babbar riga.

Ni ce da Jarumi yanzu. Aƙalla ɗan uwana yana da kariya, sauran kuma Allah ya tsare su har in gama zagayen tashoshin.

Mama ta ce lauya yana sa ran beli cikin satin nan. Allah ya sa.
Uwani.

*

Daga bayan kanta,
Alhamis.

Zuwa ga Uwani,

Ina gaisuwa, ina kuma yi mana ta'aziyyar Malam Faruk. Allah ya jiƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri. Ban ji daɗi ba, wallahi ban ji ba. Amma kin yi abin da ya kamata, kuma dabarar ba Isyaku wayarki ta kwantar min da hankali.

Wani abu ne ya hana ni sukuni. Ɗan sandan da ke binciken maganata yakan jona wayata a caji a kan kanta don yana duba saƙonnin ciki. Jiya bayan la'asar sai na ji Ɗauki ta fara ihu. Na san muryarta ko a cikin kasuwa ne. Na kama ƙarfen ƙofa ina jijjigawa ina cewa su duba, wani ne ke neman taimako, kuma wannan karon na gaske ne tunda an kashe Jarumi. Wanda ke kan kanta ya ce in rufe masa baki, ya jefa ta durowa ya tura. Ta daɗe tana yi a ciki, Uwani. Ta yi ta yi har ta gaji ta yi shiru.

Yau Mama ta zo idonta jajir, na tambaye ta ta ce hayaƙin murhu ne. Mama da gas take girki.

Ki duba min daga wajenki. Waye ya kira? An je masa?

Naki,
Tobenna.

*

Gyadi-Gyadi,
Asabar.

Tobe,

Isyaku ne.

A layin bayan makarantar Darmanawa suka tare shi, su uku, sun hau a matsayin fasinja. Mai kayan miya da ke wajen ta ce ya jijjiga wayar, yana jijjigawa suna sara, bai sake ta ba sai da suka sare yatsun.

Wayar ta yi aikinta tsaf. Ta kira. Tasharsu tana bayan layin, direbobi cike suna shan shayi, kowa da Jaruminsa a kan sitiyari. Makullin da na danna ba bakin Jarumi kaɗai ya toshe ba, har kunnenta. Ni ma ina gida da tawa a cinya, ko motsi ba ta yi ba.

Na duba inda kiran ya je. Wayarka, da aifon ɗin Alhaji Haruna, su da muka sa kowane kira ya riƙa zuwa musu. Ya turo saƙo daga Abuja yana tambaya ko gwaji muke yi.

Jiya aka yi sadakar uku. Mama tana nan tare da Inna, ita ke ba ta ruwa a baki. Har yanzu in adaidaita ta wuce Inna sai ta ɗaga kai.

Kada ka rubuto ka ba ni haƙuri.

Uwani.