Farar Ƙasa a Kan Sunan Sarki

Daga Tanefret a Abju, zuwa ga yayanta Usarhat, mai sassaƙa dutse a Waset.

Rai, lafiya da wadata. An kankare sunan marigayi Sarki daga ƙofar haikalin garinmu, bisa umarnin sabon Fir'auna. Kaburbura ne na gaba. Ka san abin da ke jikin na Baba: "Ifuy, matuƙin jirgin Sarki", sannan sunan Sarkin, a layi ɗaya. Na ga aikin masu kankarewar, faskare suke yi. In sunan Baba ya tafi, wa za mu kira idan mun kai masa gurasa da giya? Inna ta daina cin abinci. Ubangijinmu Amun ya tsare ka.

*

Ƙanwata, ina gaishe ki da Inna.

Aikin da nake yi kenan a nan. Sarkin da ya buɗe rumbunansa shekarar da kogi ya ƙi cika, yau da hannuna nake share sunansa. Na roƙi shugaban aiki ya turo ni Abju. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan mai jirgi, ubanka za ka yi wa aski? Je ka, mu ga ko hannun zai yi rawa." Ina tafe. Ki zauna lafiya.

*

Yaya, gaisuwa mai yawa.

Ka zo ka koma ko ruwa ba ka sha a gida ba. Inna ta ga sunan Baba daram, na Sarki babu, ta ci abinci. Ni kuwa na shafa gurbin, na ji danshi. Dutse ba ya danshi, Yaya. Me ka yi? Ka san hukuncin: yanke hanci da kunnuwa.

*

Tanefret, lafiya gare ki.

Dutsen wurin yana da taushi. Bugu ɗaya, layin duka zai tsage, har da Baba. Sai na cike sunan Sarki da farar ƙasa, na shafe. Yana nan a ƙasa. Ki fasa tsingaron da na rubuto wannan a kai.

*

Yaya, rai da lafiya.

Na fasa tsingaron. Mai duba aiki ya zo, ya ƙwanƙwasa bangon kabarin da sanda, ya saurara. Ya tambayi sunanka, na faɗa. Wani masunci ya ce ya ga jirgin mai duba aikin ya nufi Waset. Ban samu wanda ya tabbatar ba tukuna.