Ana so in ba da shaida a kan ungozomar da ta ceci 'yata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku sa matata a addu'a, Allah ya yi mata rasuwa wajen haihuwa, ko arba'in ba a yi ba.

Ina zaune a Nyanya, ina gyaran waya a Wuse. A gidan hayar da muke akwai wata dattijuwa da yaƙin Sudan ya koro, muna ce mata Sista. Ungozoma ce ta asibiti a can, ta daɗe tana karɓar haihuwa, kuma tana jin Hausa domin kakanninta daga nan suka tafi. Amma a nan ba a amince da takardunta ba tukuna, an ce sai an tantance su daga makarantar da ta yi, wadda yaƙi ya rufe, sannan ta zauna jarrabawa kafin a ba ta lasisi. Turaren wuta take sayarwa ta ci abinci. Ko allura ka ce ta yi maka ba ta yarda, sai ta ce doka ba ta ba ta dama ba.

Da safe ne naƙuda ta taso wa matata, tun kafin lokacin da aka faɗa mana a wajen awo. Kafin motar da na kira ta iso, haihuwa ta zo gadan-gadan. Na buga ƙofar Sista, ta ce in yi haƙuri, in aka ji ta taɓa mai haihuwa maganar lasisinta ta ƙare. Na durƙusa na roƙe ta, ta zo. Yarinyar ta fito ba ta numfashi, Sista ce ta yi ta fama da ita har ta yi kuka. Sai jini ya ɓalle wa matata. Sista ta ce akwai allurar da ke tsayar da shi, amma ba ta da ita tunda ba ta aiki. Ta shiga motar tare da mu, tana danne mata ciki da hannu. Wanda ya san cunkoson Nyanya da safe ya san sauran. Ba mu isa asibiti da ita da rai ba.

Yayan matata ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ya ce nas ɗin bogi ce ta kashe masa ƙanwa. Na yi masa bayani bai saurare ni ba, kuma ban ga laifinsa ba, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama. Yanzu an kira ni in ba da shaida, ko Sista ta karɓi haihuwar ko ba ta karɓa ba. Ni kaɗai ne na gani. An ce min in na ce ta karɓa, maganar za ta kai ga masu ba da lasisi, ƙila ba za ta ƙara aikin asibiti ba har abada. Abokina ya ce in ce matata da kanta ta haihu, Sista ruwa kawai ta dafa.

Na faɗa wa Sista lokacin tana yi wa yarinyar wanka, don ita ke yi mata kullum. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baban yarinya, kada ka yi ƙarya saboda ni. Ka ce na karɓa. Ka ce kuma kai ka roƙe ni."

Ban taɓa yin shaidar zur ba, kuma ba na so in fara a kan mutuwar matata. Amma ni na janyo matar nan daga ɗakinta tana cewa a'a. 'Yan uwa, musamman malamai da masu aikin asibiti a cikinku, in na tsaya gabansu, me zan ce?