Tuffar da Na Ba Baba

Yaya Maharazu,

Na kama hanyar Zariya, ban iya jiran dawowarka daga gona ba.

Littafin magani na Larabci da nake karantawa ya ce tuffa tana ƙarfafa zuciya, tana gyara ciki. Shi ya sa jiya na zubar da jiƙon sabarar da Inno ke ba Baba, na ce a daina yin magani da ka. Amma littafin bai faɗi kamanninta ba, sai dai ƙamshi da ɗan tsami. Maƙwabcinmu Malam Jibo ya rantse 'ya'yan itacen tsada ne tuffa, na tsinko, Baba ya sha. Tun safe cikinsa ke gudu. Yanzu kuma wani bafatake a kasuwar Danja ya ce tuffa ba ta ma fitowa a ƙasarmu. To me na ba shi?

An ce wani alhaji a Zariya ya taɓa cin ta a Masar, zan tambayo shi.

Ragowar tsadar na zaure, kada a ƙara ba shi. Ka roƙi Inno ta sake jiƙa sabararta. Ni na kasa haɗa ido da ita.

Ƙaninka,
Maiwada