Kujerar Askin Babanku

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka. Yaya ƙarfin jikin jikana? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san har yanzu kana fushi da Babanku, shi ya sa ka ɗauke ƙafa. Ɗanka yana kwance a asibiti, shi kuwa ya kwashe biskit ɗin masu dubiya yana ci yana dariya. Ni ma ranar kamar in nutse.

To, Yayarka ta kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, an ɗauki hoto. Ashe gaban ƙwaƙwalwarsa ne yake motsewa, inda kunya da tausayi suke. Bai manta mu ba, hali ne ya sauya. Likita ya ce ba a warkewa, sai lallaɓawa, kuma mu daina gardama da shi. Kwaɗayin zaƙin ma ciwon ne. Na ɓoye sukari har ƙarƙashin gado, amma ya fi ɓera iya nema.

Wallahi ina kewar mijina, alhali ga shi a gabana. Kada ka haɗa mini kewa biyu.

Taka,
Umma

*

Autana,

Ina gaishe ku, da fatan kowa lafiya. Shiru dai ba amsa. Taurin kan nan ba a wurina ka ɗauko shi ba.

Magana ta fara guje masa. Cokali da ƙofa da ni kaina duk mun zama “abin nan”. Amma kullum da safe sai ya tafi shagon askinsa. Da ya aske wa wani rabin kai ya fice, Yayarka ta sa aka rufe shagon, sai ya wuni yana jijjiga ƙofa. Yanzu mun buɗe, amma mun cire wa injin askin haƙora. Maƙwabta suna zama bi da bi, ya yafa musu ƙyalle, ya zagaya kansu da injin, ya kakkaɓe musu wuya. A nan kaɗai nake ganin mutumin da na aura.

Ba zan yi maka ƙarya ba, bai tambaye ka ba. Ba zai ba ka haƙuri ba, ciwon ya cinye wannan. Amma hannunsa bai canza ba tukuna, kuma likita bai yi mana alkawarin zai daɗe haka ba.

Ka zo, Auta. Kada ka yi aski a can.

Mai kewarka,
Umma