Iska Ta Yaye Rufin Gidana, Kun Ɗora wa Karena Laifi

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin inshorar da ke riƙe da takardun gidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda wasiƙu uku da na aika ofishinku na Katsina ba su jawo mini komai ba sai gajerun saƙonnin waya. Ban kama sunan kamfaninku ba. Kun san kanku, fayil ɗina kuma yana kan teburin ɗayanku.

Gidana yana bakin garin Daura, kan hanyar Sandamu. Shekara huɗu ina biyan inshorarsa, ban taɓa makara ba. Da na shiga, abokan zamana sun yi mini dariya, wasu suka ce raunin tawakkali ne. Na tsaya muku a gabansu.

A farkon daminar bana iska ta yaye rufin ɗakuna biyu. Ɗaya na mahaifiyata ne, tsohuwa mai ciwon ƙirji. Jami'inku ya zo ya auna, ya ɗauki hotuna, sannan ya hango kare ɗaure a gindin darbejiya, bayan garken awaki. Bayan mako biyu saƙo ya zo cewa ba za ku biya ba, wai na ɓoye muku cewa akwai kare a gidan. Ga amsata.

1. Ban ɓoye komai ba. Wakilinku da ya cike mini fom ɗin shiga inshorar, shekara huɗu da suka wuce, ya zo ne ranar Juma'a, cikin fararen kaya. Da ya ji haushi ya ƙi wuce zaure, don kada yawun kare ya taɓa masa riga kafin masallaci. A zauren muka zauna. Da ya iso tambayar ko akwai kare a gidan, na ce akwai. Sai ya yi murmushi, ya ce bai dace a rubuta kare a takardar dattijo irina ba, ai mai gadi ne kawai, ba a lissafa shi cikin gida. Ya rubuta babu. Maƙwabcina, mai sayar da awaki a kasuwar Mai'adua, yana zaune, kuma a shirye yake ya shaida. Na sa hannu ba tare da na sake duba layin ba. Wannan kuskurena ne, na ɗauka, kuma ya fi yi mini ciwo domin na ƙare aikina ne ina gyara rubutun mutane a jarida. Amma wakilin nan ya dawo sau uku don sabunta yarjejeniya, kowane zuwa karen ya yi masa haushi, kowane zuwa ya karɓi kuɗi ya ba da rasit. Ta yaya za a ɓoye abin da ke haushi?

2. Mene ne haɗin kare da iska? Na karanta yarjejeniyarmu sau uku. Maganar dabbobi tana ƙarƙashin sashen rauni ga wasu, wato idan kare ya ciji baƙo ko maƙwabci. Bai ciji kowa ba. Bai hau rufi ya zare ƙusa ba. Ko da babu shi a gidan, da iskar ta yaye kwanon kamar yadda ta yaye na maƙwabtana uku, waɗanda ko kyanwa ba su da ita.

3. Sharuɗɗan da kuka gindaya daga baya sun nuna ba ku san wurin da kuke kasuwanci ba. Kun nemi takardar asalin jinsinsa. Daga ruga aka ba ni shi yana ɗan kwikwiyo. Wa zai rubuta masa asali? Kun nemi katin rigakafi. A nan ma'aikatan dabbobi kan zaga unguwa su yi allura, su shafa wa kare fenti a baya, shi ke nan shaida, ruwan sama kuma ya wanke. Duk da haka na kai shi asibitin dabbobi, aka sake yi masa, na aiko muku da katin. Kuka ce ya makara. Sai kuka ce za ku duba sabunta mini idan na rabu da shi. Na kawo shi ne bayan ɓarayi sun kwashe mini raguna sau biyu, kuma inshorarku ba ta shafi satar dabbobi ba. Ba za ku tsare mini garke ba, sannan ku ce in kori mai tsaronsa.

Ga abin da nake nema. Ku biya gyaran rufin kafin ruwa ya kankama, ko ku nuna mini a rubuce layin da ya haɗa kare da iska. Ku gyara fom ɗina, a rubuta akwai kare. Ba na jin kunyarsa. Kada kuma ku kori wakilin nan don ku wanke kanku. Girmama ni ya yi irin na mutanenmu, ku ne kuka tura shi da fom ba tare da kun gaya masa abin da layi ɗaya zai iya jawowa ba.

Ranka ya daɗe, mahaifiyata tana kwana a falo, ɗakinta yana ƙarƙashin tamfol. Duk sanda hadari ya haɗu sai ta tambaye ni ko mutanen takarda sun zo, kuma amsoshina sun ƙare. Masu gadi biyu na ɗauka wa gidan nan. Ɗaya ladansa ragowar tuwo ne, kuma tun zuwansa ko akuya ɗaya ban rasa ba. Ɗayan ku ne.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare maka rufin gidanka, ya raba mahaifiyarka da kwanan tamfol.

Wassalam.

Naka,
Mai gidan da ke da kare,
Hanyar Sandamu, Daura.