Baba ya kira Idi gayya

Daren Laraba, Aujara

Na gaji, amma sai na rubuta wannan. Tun da sojoji suka sako Idi maƙwabcinmu, Baba ya hana a kira shi gayya. Haushinsa, gwamnati na ta cewa cikin tubabbun 'yan bindigar da aka sako babu wanda ya koma daji, alhali Yaya Sani da ke soja ya sake kama ɗaya da hannunsa.

Yau wani jami'i ya amsa a rediyo cewa lalle wasu sun koma. Nan take na tuna Yaya, don yana can dajin. Baba ya dube ni ya ce, "To, tunda sun faɗi gaskiya, yanzu in sun ce Idi ba ruwansa, na yarda. Hajara, aika masa, gobe akwai girbin gero."

Har na ƙara mudu a furar gobe.